Waya a hannu, fasinja a baya

Yaron Zango a Kumasi da harsuna huɗu yake yini: Hausa a gida, Twi a kasuwa, Turanci a makaranta, buroka a majalisa. A baka ba komai ba ne, yana sauyawa bai ma san ya sauya ba. Inda gizo ke saƙar shi ne rubutu, musamman idan mai rubutun yana tuƙi.

Ku hau pragya, wato keke mai ƙafa uku na haya, daga Aboabo zuwa Asawase ku zuba wa direban ido. Hannu ɗaya a kan keken, ɗayan riƙe da waya. Wanda ya ba shi keken ya turo saƙo da Twi yana tambayar kuɗin yau. Yayarsa ta turo da Hausa, wai ya biya ya ɗauko yara daga makaranta. MoMo, ta tura kuɗi ta waya, ita ma ta shigo da nata da Turanci. Kowanne yana son amsa yanzu-yanzu.

Turancin ma da sauƙi, don wayar ta san shi, kafin ka gama kalma ta ƙarasa maka. Hausa kuwa faɗa ake da wayar. Ka rubuta kalma ta mayar da ita Turanci, ka goge, ka sake, ta sake mayarwa. Twi tana da haruffan ɛ da ɔ, yara suna maye gurbinsu da 3 da ), wato sai ka tsallaka shafin lambobi ka dawo a cikin kalma guda. Duk wannan aikin ido ne, ba na yatsa kaɗai ba.

Karantawa ta fi ba ni tsoro. Yawancinmu a nan ba a koya mana rubutun Hausar boko a aji ba, kowa yana rubutawa yadda kunnensa ya ba shi. Saƙon Hausa a Zango ba a gane shi da kallo ɗaya, sai ka furta shi a ranka, wani lokaci sau biyu. Ku yi lissafi: mai gudun kilomita 30 a awa yana cin mita 8 da ɗoriya a kowace daƙiƙa. Daƙiƙa biyar kansa a sunkuye, ya wuce mita 40 bai ga hanya ba. A titin da mai talla, aboboyaa (keken kaya), akuya da ɗan makaranta suke rabon wuri ɗaya!

Doka tana nan. L.I. 2180 ta 2012 ta hana riƙe waya ana tuƙi. Amma ɗan sandan hanya na MTTD ba ya zama a kujerar baya, mu ne muke zama, kuma shiru muke yi don kada a ce mun cika surutu.

Ni dai ban ɗora wa yaran nan laifin duka ba. Wanda ya ba shi keken ya san yana kan hanya, amma in minti biyu ta wuce bai amsa ba sai ya kira, yana zargin an gudu da kuɗinsa. Mu ma a gida haka muke yi. Mu ga alamar ya karanta, mu bi da wani saƙon: “Ka gani ka yi shiru?” Yaro kuma yana jin kunyar babba fiye da yadda yake tsoron tirela, sai ya sunkuya ya fara neman haruffa.