Ranar da na ga Mary Onyali da idona

A shekarar 1992 ina aji huɗu a sakandaren kwana ta 'yan mata, kuma ni ce ta uku a tseren miƙa sanda na gidanmu, wato mai shan kwana. Babu takalmi a ƙafarmu. Da sassafe mukan bi filin muna tsince ƙaya kafin malamar wasanni ta ja layi da toka. Sandar ma guntun bututun roba ce.

Dogon hutun damina ya same ni a gida Zariya, lokacin wasannin Olamfik na Basalona. A talabijin ɗin maƙwabcinmu na kalli tseren mata huɗu, kowacce mita 100. Beatrice Utondu ta fara, ta ba Faith Idehen, ita kuma ta ba Christy Opara-Thompson, sai sanda ta faɗa hannun Mary Onyali. Amurka ce ta yi na ɗaya. Namu kuwa suka yi cirko-cirko, ido na kan allo. Da sunan Najeriya ya fito a na uku, sai tsalle da rungume-rungume, kai ka ce zinare suka ci ba tagulla ba. Har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Hannun Mary ne ya fi tsaya mini a rai. Ba ta waiwaya ba. Ta ɗiba a guje, ta miƙa hannu baya, ta yarda sanda za ta zo. Ni kuwa kullum sai na waiga, shi ya sa muke rasa taku biyu a kowane tsere. Da muka koma makaranta na ce wa Talatu, mai ba ni sanda: "Ke dai ki yi mini tsawa kawai, ba zan ƙara dubanki ba." Sau nawa sandar ta faɗi, Allah kaɗai ya sani. Amma a wasannin gidaje na wannan shekarar mu muka zo na ɗaya.

Guduna ya ƙare da makaranta. Baba ya ce, "Ya isa haka, kin girma," ban kuma yi musu ba. Mary ta ci gaba: zinare a mita 100 a wasannin ƙasashen renon Ingila na 1994, tagulla a mita 200 a Atlanta a 1996. Olamfik biyar ta halarta, daga 1988 zuwa 2004.

A 2003 aka yi wasannin Afirka a Abuja. Na roƙi maigidana ya kai ni, da goyo a bayana. Mary tana da shekara 35, ga yara ƙanana a gefenta, amma ita ta cinye mita 100. Na yi ihu har muryata ta dishe, jama'a na kallona.

Wannan goyon ita ce 'yata Hauwa. Ranar da ta kawo takardar neman izinin shiga tsere daga makarantarsu, ni na sa hannu, na kuma kai ta kasuwa na saya mata takalmin gudu.