Rigar Sanyin Da Muka Gwada A Ɗakin Kifi

Mu Hausawan Dapaong akwai abu guda da muke yi wa 'yan'uwanmu na Lome fankama da shi, watau mu ne muka san sanyi. In hunturu ya kama, daga Disamba har cikin Fabrairu, iskar nan ta gangaro daga Burkina ta bi ta Sinkase ta shigo mana da hazo, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, man kaɗanya ya yi daraja, ruwan alwala kuwa sai an yi shawara da zuciya kafin a taɓa shi. Da asuba ka ga 'yan zemijan sun naɗe kamar ƙunshin goro, tsofaffi sun kewaye kaskon wuta, kowa na cewa bai taɓa ganin ɗari irin na bana ba. Alhali kuwa in ka duba ma'auni, ba safai yake sauka ƙasa da digiri 15 ba. To, da wannan ilimin namu muka shiga kasuwa a Disambar 2022 neman rigar da za ta tsare mana yaro a Kanada.

Yaron ɗan yayanmu ne marigayi, shi kaɗai ya bari namiji. Asalin gidanmu Sokode ne, unguwar Didaure, inda kakanninmu fataken goro suka yada zango a kan hanyar Gwanja. Cinikin shanu ne ya kai mu arewa. Mu uku muka rage, mu muka riƙe shi har ya ci bak, sa'an nan ya sami gurbi a wata makarantar koyon aikin lantarki a Montreyal, za a fara karatu cikin Janairu. Bijimai biyu suka tafi a kuɗin makaranta da na jirgi. Uwarsa kuwa ba ta roƙe mu komi ba sai abu ɗaya. Ta ce, "Don Allah ku sama masa rigar kirki, na ji an ce can sanyi yana yanke yatsu."

Muka tafi wurin 'yan gwanjo ranar da aka fasa sabuwar dila. Yadda muke sayen bargo haka muka sayi riga: muka ɗaga, muka jijjiga, wadda ta fi rinjayar hannu ita muka ɗauka. Wani kwat ne baƙi na ulu, mai manyan maɓallai, ya kusa kilo uku. Da yaron ya sa shi, tafiyarsa ma sai da ta canza. Uwar ta shafa, ta yi hamdala, mu kuma muka koma gida muna jin mun sauke nauyi.

Mako guda bayan haka muka kama hanyar Sokode, wajen kilomita 280, ta Mango da Kara da tsagar dutsen Alejo, don yaro ya yi sallama da dangi. A can akwai kawunmu, wanda yana cikin mutanen Sokode da yawa da suka tafi Jamus a shekarun 1990, ya yi shekaru yana aiki a waje cikin ƙanƙara kafin ya dawo. Muka shimfiɗa masa kwat ɗin da alfahari. Ya ɗaga shi, ya juya, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Ku kuka saya, ko gado kuka ci?" Muka ce mu muka saya, Kawu. Ya ce, "To, wannan ta zuwa ofis ce a Faris, daga mota zuwa ƙofa. In ya tsaya jiran bas da ita a Montreyal, wuya a buɗe, iska na shiga tsakanin maɓallai, sai dai ku ji labari."

Ranmu bai so ba, gaskiya. Amma da ya fara bayani sai muka yi tsit. Ya ce riga ba ta da zafin kanta. Jiki ne ke yin zafi, aikin riga kawai ta tsare iskar da jiki ya ɗumama kada ta gudu, kamar yadda kula ke tsare zafin tuwo. Saboda haka abin dubawa shi ne yawan iskar da riga ke iya riƙewa a cikinta, nauyi kuwa wahala ce kawai. Kuma a cikin abin da Allah ya halitta, da wuya a sami mai riƙe iska da rashin nauyi kamar lallausan gashin nan na ƙirjin agwagwa da dinya, wanda ke ƙarƙashin fuka-fukai, ba shi da ƙara ko kaɗan. Kai jama'a! Abin da matanmu ke figewa su share su zubar a juji duk ranar da aka yanka agwagwa, ashe shi ake ɗurawa a rigunan da suka fi tsada a duniya.

Daga nan yaro ya sami baki. Ya ciro wayarsa ya nuna mana wata ja mai sheƙi, irin ta masu hawan duwatsu, ya ce ai ita yake so tun farko, kunya ce ta hana shi faɗi. Kuɗinta ya kai na bijimi na uku. Ya karanta tarihinta kuwa har ya haddace. A 1922 wani masanin kimiyya mai suna George Finch ya tafi hawan Everest da riga mai cike da gashin agwagwar ruwa, abokan tafiyarsa masu kwat ɗin ulu suna ta yi masa dariya, har sai da suka hau sama sanyi ya raba gardama. Shi ya kai sama da mita 8,300, inda ba wanda ya taɓa kaiwa kafin shi. Sa'an nan wani Ba'amurke, Eddie Bauer, da sanyi ya kusa kashe shi wurin kamun kifi, ya ɗinka irin wannan riga gida-gida don kada gashin ya zube ƙasa, ya yi mata rajista a 1940. Muka lura dai a labarin farko mu ne masu kwat ɗin ulu, amma ba wanda ya tanka.

Kawu ya bar shi ya gama, sa'an nan ya tambaye shi wane dutse zai hau. Dutsen Agu, wanda ya fi kowane tsawo a Togo, mita 986 ne, ana hawansa da taguwa. Zafi na raguwa wajen digiri 6 da rabi a kowace mita 1,000, shi ya sa Kilimanjaro mai mita 5,895 ke da ƙanƙara a ka ko da yake yana gabashin Afirka. Mai hawan dutse, in ji Kawu, jikinsa na aiki yana fitar da zafi, yana son riga mara nauyi da za ta dunƙule a jaka, sau da yawa gajera don kada ta hana shi ɗaga ƙafa ko ɗaura igiya a ƙugu, kuma yadinta siriri ne. Kuɗin da ake tsugawa na rage nauyi ne. Ɗalibi kuwa tsayuwa zai yi a bakin titi da sassafe, ba motsi. Abin da yake bukata doguwa ce mai rufe cinya, mai hula haɗe wadda ake tsukewa har fuska ta rage kaɗan, yadin waje mai kauri da iska ba ta ratsawa, zif mai murfi a kai, da bakin hannu mai roba. A nan mun ga gaskiyar Kawu sarai, kuma ba don ta fi sauƙi ga aljihunmu kaɗai ba.

Ya kuma koya mana karatun 'yar takardar da ke maƙale a ciki. In an rubuta duvet, lallausan gashin ke nan. In an sa 90/10, kashi 90 shi ne, kashi 10 ƙananan fuka-fukai. 80/20 ma ba laifi. Lambar nan da ake ɗinkawa a hannu, 600 ko 700 ko 800, tana nuna yawan kumburin da giram 28 na gashin ke yi. Amma fa lamba ita kaɗai tana ruɗi: riga mai 800 da aka ɗura wa kaɗan ba ta kai mai 600 da aka cika ta dam ba. Sai ɗinki. In allura ta haɗe yadin waje da na ciki, kowane layin ɗinki ƙofar sanyi ce. Ta ƙwarai ana sa 'yar katanga ta yadi tsakanin gida da gida. Aibinta guda ne babba: in gashin ya jiƙe sai ya manne ya daina aiki, ba kamar audugar roba ba, wadda ko ta jiƙe tana ɗan riƙe ɗumi, ga araha, sai dai ta fi nauyi kuma ta fi saurin kwanciya.

Muka aika Lome, kasuwar Hedzranawoe inda dilolin gwanjo ke sauka, wani ɗan unguwarmu ya turo guda uku a mota. Ta farko takardarta ta yi alkawari mai daɗi, amma da Kawu ya murza sai muka ji ƙarare suna sukar yatsa, ga wani ƙarni kamar akurkin kaji. Ta biyu ta gaske ce, amma ta tsufa. Da aka ɗaga ta a rana sai ga haske na ratsa kafaɗu, gashin duk ya gudu. Ta uku ruwan toka ce, ba ta da kyan gani, har da 'yar ƙuna a gefen aljihu. Kawu ya dunƙule ta a hannu kamar curin fura, ya saki, muna kallo ta tashi a hankali ta cika. Ya ce, "Wannan tana da rai."

Duk da haka ƙaraminmu bai yarda ba. Shi ya zaɓi kwat ɗin ulu, kuma har yanzu yana ganin abin da bai kai nauyin kaza ba ba zai tare sanyin da ke yanke yatsu ba. Sai ya tuna da wani abokinsa mai ɗakin sanyi na kifi kusa da babbar kasuwa, inda ake ajiye katan-katan a digiri 18 ƙasa da sifiri. Da la'asar muka ɗunguma, mu uku da Kawu da yaro da riguna biyu, ma'aikata suna kallonmu kamar mun zautu. Yaro ya shiga da kwat ɗin ulu, muka rufe ƙofa muna duban agogo. Ko minti biyar ba a yi ba muka ji bugu. Ya fito haƙora na kaɗawa, ya sha shayi, ya huta, ya sa mai ruwan toka ya ja hula ya koma. Minti goma, shiru. Minti goma sha biyar, shiru, har hankalinmu ya tashi muka buɗe da kanmu. Muka same shi zaune a kan katan, ya ce, "Baba, jikina lafiya lau, amma ƙafafuna da hannuwana ba nawa ba ne."

Ashe mun manta da su gaba ɗaya. Kuɗin da ya rage sai ya tafi a safar hannu, da safar ulu, da dogon wando na ciki. Takalmi kuwa Kawu ya ce a bari ya saya can. Ya kuma ja kunnensa kada ya sa rigar auduga a jikin fata, don tana shan zufa ta riƙe, in ya fita waje ta zame masa ƙanƙara. Tela ya ɗora 'yar faci a kan ƙunar, da zare ja, don ba shi da ruwan toka.

A farkon Fabrairun 2023 sanyi ya kusa digiri 30 ƙasa da sifiri a Montreyal, da iska a kai, irin yanayin da hukumar can ke gargaɗin cewa fatar da ke buɗe tana iya daskarewa cikin 'yan mintoci. Daren nan uwarsa ba ta runtsa ba. Da rana ta yi sai ga hoto ya shigo waya: ba a ganin komi sai idanu biyu da gira mai farin ƙanƙara, da facin nan ja a gefen aljihu. Da facin ta gane shi.

Kwat ɗin ulu kuwa yana nan Dapaong. Mai gadin kasuwar shanu muka ba, kuma duk hunturu in mun bi da asuba yakan ɗaga mana hannu daga cikinsa, ya ce bai taɓa samun riga irinta ba.