Ranar da Na Bi Kogin Garinmu Har Inda Yake Faɗowa



Na fi shekara 10 ina ƙirga kuɗin Habasha a kasuwar Matamma ban taɓa tsayawa na dubi abin da aka zana a bayan tsohuwar takardar bir 1 ba. Ɗan kasuwa lamba yake dubawa. Ɗana ne ya fara lura, a ƙarshen Satumban 2019, ranar da na fara ƙetare iyaka da shi. Sunan mahaifina ya ci, shi ya sa Abba muke ce masa, kuma a lokacin shekararsa 15. Aka ba shi canjin shayi, ya juya takardar ya ce, "Baba, wannan ruwan a ina yake?" Na ce ban sani ba. Abokin cinikina, wani Musulmin Gondar da ke jin Larabci, ya yi dariya har ya ajiye finjalinsa. Ya ce, "Hajji, ai ruwan da kake sha ne a gida."

Ƙauyenmu yana bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar, ba nisa da Mai Wurno. Mu dai Bahar kawai muke ce wa kogin. Wanda bai san tarihi ba, garin Mai Wurno sunan Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya wanda Turawan Ingila suka kashe a Burmi a 1903. Jama'ar da suka tsira suka yi gabas da ƙafa har suka sauka a bakin wannan kogi. Kakana daga baya ya biyo sawunsu da niyyar aikin hajji, guzuri ya ƙare masa a Jazira, a zamanin da aka gama madatsar Sinnar a 1925 ana neman hannun tsinkar auduga ruwa a jallo. Ya tsaya neman kuɗin jirgi, ya yi aure, aka haifi mahaifina. Labarin gidaje da yawa ke nan, daga kambon Jazira har Damazin.

Dalilin ɗauko Abba daga makaranta na kwana 10 ba ciniki ba ne. Faɗa ya yi da wani yaro da ya ce masa su Fallata su koma ƙasarsu. Ya dawo gida da fasasshen leɓe, ya tambaye ni, "Baba, mu 'yan ina ne?" Na karanto masa kakanni uku da aka binne a ƙasar nan. Ya saurara da ladabi, amma na ga maganar ba ta shige shi ba. Uwarsa ce ta ce in tafi da shi ya sha iska.

To da abokina ya faɗi wannan magana a Matamma, sai na ji kunya ta kama ni. Da ruwan nan aka yi mini wankan jego, da shi aka wanke mahaifina, ban san daga ina yake fitowa ba. Na bar buhunan bunni da tafarnuwa a hannun dillali, muka hau mota. Daga Matamma hanya hawa take yi ba sauka, zafin Galabat yana raguwa har muka isa Gondar, inda tsayin ƙasa ya haura mita 2,000 kuma sanyi ya sa na sayi bargo. A can aka ce mana arewa da garin akwai gandun duwatsun Simiyan, wanda gwamnati ta keɓe tun 1969, kuma a cikinsa akwai mafaɗar ruwa ta Jinbar mai tsayin kusan mita 500. Sai dai ruwan can Takaze yake bi, ya zama Sitit, ya faɗa Atbara. Ba namu ba ne. Na ce mu je wurin namu tukuna. Muka yi kudu zuwa Bahar Dar, a bakin tafkin Tana, inda kogin yake fita. Su Abbay suke kiransa, mafaɗar kuwa Tis Abbay, wato hayaƙin Abbay.

A nan zan ba ku shawarar farko. Agogon Habasha daga fitowar rana yake fara ƙirga. Direba ya ce motar ƙauyen Tis Abbay za ta tashi ƙarfe 1, ni kuwa na shirya yin azahar kafin mu fito. Ashe ƙarfe 7 na safe yake nufi. Ba don abokina ya buga mana ƙofa bayan asuba ba, da mun yi asarar yini. Matambayi ba ya ɓata: duk lokacin da aka faɗa maka, ka tambaya na wane agogo ne.

Tafiyar kilomita 30 ce kawai, amma hanyar tsakuwa ce da ramuka, ta ci mana fiye da awa guda. A ƙauyen muka yanki tikiti, muka ɗauki ɗan jagora, wani saurayi mai sanda a kafaɗa. Ya dubi takalmina, markubin fata mai santsin ƙasa irin wanda muke sawa ranar Juma'a, ya girgiza kai. Ban gane nufinsa ba sai da muka fara gangara.

Hanyar ƙafar ta bi ta cikin baƙaƙen duwatsu da ruwan dare ya jiƙa. Mata suna hawowa da kaya a gadon baya, jakuna suna biye, kowa yana wuce ni. Sau biyu santsi ya kwashe ni, na biyun na zauna daɓas cikin taɓo, jallabiyata fara ta koma kalar kunun kanwa. Abba ya juya kai don kada in ga yana dariya. Ɗan jagoran ya miƙo mini sandarsa, na cire markubin na rataya a wuya, na ci gaba ba takalmi kamar yadda kakana ya shigo Sudan.

A ƙasan gangaren akwai tsohuwar gada ta dutse da aka gina wajen 1626, zamanin Sarki Susiniyos. Gadar Fotugis suke ce mata. Abin da ya ba ni mamaki a nan shi ne ƙanƙantar kogin. A garinmu, in damina ta yi nisa, mutumin da ke tsallake ba ka gane fuskarsa. A nan kuwa duk ruwan ya matse cikin wani tsagin dutse mai zurfi, yana tafasa yana juyi, har kana ganin kamar saurayi mai ƙarfi zai iya tsallake shi. Abba ya leƙa ya ce, "Baba, anya shi ne?" Na ce haka aka ce.

Daga gadar sai hawa. A nan na san shekaru sun fara kama ni. Mutumin fili ne ni, a Jazira in ka hau kan lori kana hango ƙauye uku. Ga tsayin ƙasa kusan mita 1,700, ga ƙirjin mai zaman shago. Duk taki 50 sai na tsaya na riƙe gwiwa. Amma sannu ba ta hana zuwa. Gefen hanya gonakin tef ne, wani ƙanƙanin hatsi mai kama da acca, da shi suke yin injera, 'yar uwar kisrarmu mai tsami. Ko'ina kore shar, ga furanni ruwan ɗorawa da ke fitowa a ƙarshen daminarsu.

Tun ba mu ga ruwan ba muka fara jin sa, kamar jerin manyan motoci suna wucewa a kan gada. Sai iska ta fara kawo yayyafi alhali sama garau take. Muka sha kwanar wani tudu, ɗan jagoran ya nuna da haɓa.

Jama'a, gani ya kori ji. Kogi ne sukutum yake zubowa daga gaɓar dutse mai tsayin sama da mita 40, ya rabu kashi-kashi, ƙasa kuma ba ka ganin komai sai farin tururi yana tashi, da bakan gizo a tsaye a cikinsa. Wanda ya san Gurara ta jihar Neja ya ƙiyasta abin da ya fi ta nesa ba kusa ba. Na yi tasbihi ban san na yi ba. Abba ya ciro takardar bir ɗin daga aljihu ya ɗaga ta, ya dubi hoton, ya dubi ruwan. A hoton ruwan fari ne. A zahiri ja ne wur, kalar jabana da aka zuba wa madara kaɗan, irin kalar da yake iso mana da ita a watan Agusta.

Muka ƙetare wata gadar ƙarfe mai lilo a kan rafin Alata, ina riƙe da igiya da hannu biyu ina salati, muka gangara kusa da gindin mafaɗar har kayanmu suka jiƙe sharkaf. Da muka hauro sai muka tarar da wata rumfa inda wata mata ke gasa bunni. Muka zauna shanya jiki. A gefe akwai wani dattijo manomi, ya lulluɓa da farin mayafi. Ya tambayi abokina daga ina baƙin suke. Da aka ce masa Sudan, bakin Abbay, sai ya miƙe ya kama hannuna ya kai ni bayan rumfar. Ya nuna mini gonarsa a jikin tudu. Wani kwari ya tsaga ta biyu, zurfinsa ya fi tsayin mutum. Ya ce yana yaro da shanu yake huɗa a wurin, duk damina ruwa sai ya yanki wani abu ya tafi da shi. Sannan ya yi wata magana, mutanen rumfar suka kwashe da dariya. Abokina ya fassara: "Ya ce in kun koma ku gaishe masa da gonarsa, tana wurinku."

Ni ma na yi dariya, amma Abba bai yi ba. A hanyar komawa, bayan mun hau ƙaramin jirgi mai inji mun ƙetare kogin ta saman mafaɗar, ya ce, "Baba, wato lakar da muke shuka albasa a jarfu daga nan take?" Na ce daga nan da sauran tuddan Habasha. Ya ce, "Har ƙasar Jazira?" Na ce malaman ƙasa sun ce baƙar lakar Jazira kogin nan ne ya yi dubban shekaru yana jibge ta. Ya yi shiru, can ya ce, "Ashe ita ma ƙasar zuwa ta yi."

Ban ƙara masa komai ba. Na shekara ina neman amsar da zan ba shi, ga shi ya samo abinsa da kansa. Ruwan da ke ba Nilu fiye da rabin abin da yake kaiwa Masar a kan gonakin talakawan Habasha yake sauka. Lakar da ke toshe tur'o'in Jazira har a kawo injin yasa, ita ce abincin da ya ragu a tukunyar wancan dattijo. Mu kuma da muka zo daga yamma muka haɗu da ita a tsakiya, muka zuba mata gumi shekara 100.

Abin da ya biyo baya kun san shi. A Yulin 2022 rikicin ƙasa ya tashi a jihar Shuɗin Nilu, aka rasa rayuka da yawa, dangin matata suka baro Rusairis da abin da ke jikinsu. A Afrilun 2023 babban yaƙi ya ɓarke. Madani ta faɗi a Disambar wannan shekara, a tsakiyar 2024 wuta ta iso jihar Sinnar, muka kwashe yara muka yi Gadarif. A wata makaranta da aka sauke mu na ji Abba, wanda ya riga ya zama saurayi, yana ba ƙannensa labarin dattijon da gonarsa. Ƙaramar ta tambaye shi ko za mu koma gida. Ya ce mata za mu koma, akwai gonar wani bawan Allah da aka ba mu ajiya.

Kogin ma ya canza. Tun da Habasha ta fara tare ruwa a babbar madatsarta ta Nahda a 2020, kusa da iyakarmu, yawancin lakar can take kwanciya. Ruwan yana iso mana ya fi da haske, masu buga jan bulo a bakin Bahar su ne suka fara kuka, manoman jarfu suna biye.

Ba ina cewa ku kama hanya gobe ba. Tun 2023 yankin Amhara ma ba lafiya, kada kowa ya bi hanyar Matamma zuwa Gondar sai ya tambayi masu shiga da fita. Amma in Allah ya kawo zaman lafiya, wanda ya samu hali ya je tsakanin Agusta da Oktoba, domin da rani tashar lantarki tana janye yawancin ruwan, sai ka tarar da dutse yana zubar da hawaye kawai. Ka sa takalmi mai kama ƙasa, ka riƙe sanda, ka sa waya cikin leda, ka tanadi ƙananan kuɗi na jirgi da na ɗan jagora. Awa uku sun isa mai ƙarfi, ni na yi biyar. In ana maganar abinci, nemi mahautan Musulmi, ko ka ci shiro, miyar garin wake ce ba nama.

Kuma ba sai Tis Abbay ba. Gandun Dindir yana nan kusa da mu tun 1935, nawa ne cikinmu suka taɓa leƙa shi? Muna ratsa ƙasashe, abin da muka sani a cikinsu tasha ce da sito da masallacin kasuwa. Yinin nan guda ya jawo mini asarar kuɗin dako da na kwana, dillali kuma ya rage mini wani abu a farashin tafarnuwa. Ban taɓa yin nadamarsa ba. In za ka yi tafiya ta gaba, ka ɗauki yaro ɗaya, ka ware masa yini ɗaya.

Takardar bir ɗin tana nan cikin jakar Abba, tare da takardar haihuwarsa. Allah ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, ya mai da kowa gidansa. Amin.