Gajerar Hanya Zuwa Digiri

A Gana, kamar a Nijeriya, digirin farko shekara 4 ne a yawancin fannoni. Ga ɗan mai hali wannan ba wani abu ba ne. Amma ga wanda mahaifiyarsa ke sayar da kayan miya a kasuwar Aboabo, kowace shekara tana nufin kuɗin makaranta da na haya, da ƙannen da ke jiran ya fito kafin su shiga. Shi ya sa ba na ganin laifin matasan unguwarmu ta Gumbihini idan suka tambaye ni yadda za su kammala da wuri. Ga abin da nakan gaya musu.

Hanya ta farko ita ce shiga daga sama. Mai difloma ko HND yakan samu gurbi a aji na biyu ko na uku, gwargwadon darajar sakamakonsa da dacewar fanninsa. Haka ma a Nijeriya, mai NCE yakan fara daga aji na biyu a jami'o'i irin su Bayero da Ahmadu Bello. Sai dai a yi lissafi da kyau: HND shekara 3 ce, idan aka ƙara mata 2 sun zama 5. Ke nan wannan hanya tana amfanar wanda ya riga ya mallaki takardar ne. Wanda sakamakonsa na WASSCE ya isa, kuma yana da halin biya, ya wuce jami'a kai tsaye.

Ta biyu ta malaman makaranta ce. Jami'o'in Cape Coast da Winneba suna da shirin karatu a lokacin dogon hutu. Ba lallai ya rage shekaru ba, amma yana raba mutum da zaman jiran izinin tafiya karatu, kuma albashinsa na tafiya.

Ta uku ita ce wadda na fi ba muhimmanci: kada a bar bashin kwas. A shekarun da na yi ina koyarwa, yawancin waɗanda na ga sun ƙara shekara kwas ɗaya ko biyu ne suka riƙe su. Ilimin harshe gini ne hawa-hawa. Wanda bai ƙware a furuci ba zai sha wuya a tsarin sauti, wanda kuma ginin kalma ya kayar da shi, ginin jimla na jiransa a gaba.

Ta huɗu ita ce fara kundin digiri da wuri. Jami'ar UDS da aka kafa a Tamale a 1992 takan tura ɗalibanta ƙauyuka a zango na uku, su yi makonni suna zaune da jama'a suna tattara bayanai. Ɗalibin Hausa na iya yi wa kansa irin wannan tun daga aji na biyu. Hausar zangonnin Gana, wadda a bakin mutane da yawa ba ta bambanta jinsin namiji da na mace, fage ne mai faɗi. A nemi izinin dattawa, a naɗi maganarsu a waya lokacin hutu, a rubuce ta. Kafin aji na huɗu rabin aikin ya kammala.

Akwai abin da ba ya hannun ɗalibi. A 2022 malaman jami'o'in Gana sun yi makonni suna yajin aiki, na Nijeriya kuwa wata 8. Wanda ya yi amfani da irin wannan lokaci wajen karatu da rubutu, asararsa kaɗan ce.

Hanya ɗaya nake hana kowa bi: sayen kundi. Sauri kan haifi nawa. Ranar kare kundi tambaya biyu ta isa ta tona asiri, hukuncin kuwa na iya kaiwa ga kora, bayan iyaye sun gama biyan kuɗin shekara 4.