Bindigar da Za Ta Shiga Aljihu

A daminar 2022 mun shafe kusan wata biyu a gidanmu muna gardama a kan bindigar da babu ɗayanmu a nan gida da ya taɓa riƙe irinta. Mu huɗu ne maza, uwa ɗaya uba ɗaya, uku a Kwatarkwashi, ɗaya a Amurka, ga Baba da Inna da girma ya kama. Autanmu ne ya tayar da zancen. Shi ne mai bin hanya: kullum da safe yakan hau mota zuwa Gusau inda yake gyaran waya, wani lokaci kuma ya leƙa Tsafe karɓar bashi. Ƙaramar bindiga yake so, fistol, wadda zai soke a ƙugu ya saki riga a kanta.

Ba mu ce masa ya zautu ba, don watan Yunin nan ya zo mana da abubuwa. A farkonsa Sarkin Kwatarkwashi Alhaji Ahmad Umar ya rasu bayan shekara 61 a kan gado, sarkin da duk muka buɗi ido muka tarar. Kwanaki kaɗan bayan haka aka tare 'yan kasuwar waya na Gusau a hanyar Sakkwato suna dawowa daga ɗaurin aure, aka shige daji da kusan mutum 30, abokan sana'ar Auta. Sai ga sanarwar gwamnatin Bello Matawalle ranar 26 ga wata, cewa jama'a su nemi lasisi su mallaki bindiga su kare kansu, za a raba fom 500 ga kowace masarauta cikin 19 da ke jihar. Auta ya shigo zaure da rediyo a hannu yana cewa, "To, kun ji. Gwamna da kanshi."

Yayanmu na Amurka, wanda ke aikin jinya a jihar Texas, shi ya mayar da zancen makaranta. A can tun watan Satumba na 2021 baligi yana iya yawo da ƙaramar bindiga ba tare da lasisi ba, kuma a makon da gwamnanmu ya yi magana kotun ƙolin Amurka ta yanke cewa ɗaukar bindiga a wajen gida haƙƙi ne. Yana da tasa. Ya riƙa turo mana saƙon murya ta WhatsApp, mu kewaye waya bayan isha'i muna saurare. A can, in ji shi, ba a gardama a kan ko za a ɗauka, a kan girman harsashi ake yi. Akwai mai milimita 9, akwai ƙaninsa da suke kira .380. Kaurinsu ɗaya, sai dai kwanson na farko milimita 19 ne, na biyun 17. Wannan 'yar tazara ita ce dukkan rigimar: mai dogon kwanso ya fi cin albarushi, ya fi ƙarfi, amma yana dukan hannu in bindigar ƙarama ce, gajeren kuwa bindigarsa ba ta fi wayar hannu girma da yawa ba, tana ɓacewa a aljihun wando, sai dai harsashi shida ko bakwai take ci. Akwai kuma ɗan mitsitsi .22 da wasu ke rainawa. Ya ce masanansu na cewa ƙaramar da ke jikinka ta fi babbar da ka bari a gida.

Mu faɗi gaskiya, mun ji daɗin karatun. Akwai wani sanyi da mutum ke ji in an mayar masa da tsoronsa lissafi. Mun yi dare muna musu a kan milimita biyu kamar masu cinikin taki, har ɗayanmu ya ɗauko rula a jakar yaransa don mu ga yadda milimita biyu take. Auta ya tsaya a kan .380, saboda yadin da yake sawa shara-shara ne, babba za ta nuna.

Baba bai sa baki ba sai a dare na huɗu ko na biyar. Yana da tasa bindigar a rataye a bayan ƙyauren zaure, adaka, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki a danna da sanda, wadda yara ke kira harba-ka-ruga. Ta kakanmu ce. Garinmu garin maharba ne tun asali, ga dutse a kanmu, kuma a zamaninsu mutum yakan fita da ita don gada ko zomo, ko ya kori biri daga dawa. Baba ya ce a sake kunna masa saƙon, ya saurara har ƙarshe, sannan ya dubi Auta.

"Can inda yayanka yake, mutum nawa ka tare mutum?"

Auta ya ce ɗaya, ko biyu.

"To nan fa? Ka taɓa jin mutum biyu sun tare hanyar Tsahe?"

Ba mu amsa ba, don kowa ya san amsar. Babura ne ke fitowa daga daji, ashirin, talatin, kowane da goyon mutum biyu ko uku, kowa da AK-47 a kafaɗa. Gidan harsashinta guda yana cin 30, kuma tana samun mutum daga nisan mita 300. Fistol kuwa, yayanmu da kansa ya ce su a can suna koyon harbi ne a tazarar da ba ta wuce faɗin tsakar gida ba. An ƙera ta don ɓarawon da ya matso ya ce kawo jaka. Namu ba sa matsowa sai sun gama buɗe wa mota wuta.

Washegari muka nemo dokar, wadda ya kamata mu fara da ita. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Irin ta Baba kwamishinan 'yan sanda ke ba da izininta. Bindigar farauta mai dogon baki, kamar mai baki biyu, tana hannun Sufeto Janar. Fistol kowace iri ce tana cikin rukunin haramtattu tare da bindigogin soja, ba mai ba da lasisinta sai shugaban ƙasa. Ke nan ko da fom ɗin gwamna ya zo hannun Auta, abin da zai iya nema da shi ba zai shiga aljihu ba, ko babbar riga ba za ta rufe shi ba. Kafin ma mu gama wannan nazari 'yan sandan jihar suka ce hanin ba da lasisi yana nan ba a ɗage ba, Babban Hafsan Tsaro Janar Lucky Irabor kuma ya ce gwamna ba shi da wannan iko. Ba mu je neman fom ba.

Sai Auta ya ce ai ba sai da lasisi ba. Duk mun san abin da yake nufi, kuma a nan gardamar ta daina daɗi.

Amfanin bindigar ɓoye shi ne a bar ta a ɓoye, mu kuwa a hanyarmu sau biyu ake laluben mutum. Akwai shingen jami'an tsaro, inda saurayi da fistol marar takarda ba zai samu damar bayani ba, za a ce mai kai wa 'yan bindiga rahoto ne ko mai yi musu safara. Akwai kuma shingen mutanen daji. Su aljihu suke fara lalubawa don waya da kuɗi, kuma wanda suka samu da makami sun ɗauke shi ɗan sa-kai ko jami'i, ba sa wahalar tafiya da shi. Sauran fasinjojin ma ba lalle su tsira ba, mutanen da suka biya kuɗin mota ba su san abin da ke ƙugun maƙwabcinsu ba. Inna ce ta faɗi abin da mu maza muka kasa faɗa. Tana bakin ƙofa tana tsince shinkafa ta ce, "Wanda anka tafi da shi, gona muka saidawa mu amso shi. Wanda anka kashe, mi za mu saida?" Mun ji kunyar wannan lissafi, har yau muna jin ta. Amma babu wanda ya ce mata ba haka ba ne.

Ba za mu zalunci Auta ba, yana da hujja. Ya ce shi bai taɓa tunanin zai ci su da yaƙi ba. Ya ga waɗanda suka dawo daga daji, ya ga sawun sarƙa a ƙafafunsu, ya ga magidanci da ba ya iya haɗa ido da matarsa. Abin da yake so shi ne kada a kora shi kamar akuya. Ya kuma kawo misalin garuruwan da suka tsaya suka yi turjiya har aka rage taɓa su. Ana cikin haka, a watan Yuli, aka ji Sarkin 'Yandoton Daji a nan ƙaramar hukumar Tsafe ya naɗa Ado Aleru Sarkin Fulani, mutumin da sunansa kaɗai ke hana ƙauyuka barci. An dakatar da sarkin daga baya, amma an riga an ɗaura rawanin. Auta ya ce, "Mai bindiga dubu an ba shi rawani, ni mai son guda kun ce in ji tsoron doka." Daren nan kowa ya tashi ba sallama.

Akwai kuma abin da ba mu faɗa a gabansa ba. Auta yana da zuciya. Mun ga abin da bindiga ta yi a hannun 'yan sa-kai, yadda aka fara da tsaron gari aka ƙare da kama Bafulatani a kasuwa don kamanninsa kawai, 'yan uwansa kuma su zo su rama a kan ƙauyen da bai san hawa ba bai san sauka ba. Matar da ta shekara ashirin tana kawo wa Inna nono ta daina zuwa, ba mu san inda suka yi ba. Mun ji tsoron ranar da wani saurayi mai sanda zai sa hannu a aljihu a tashar mota don ciro goro, Auta ya riga shi. Ga yara tara a gidan, kuma babu ƙasan katifar da ba su sani ba.

Ba mu yi ƙuri'a ba, ba a kuma ce wani ya yi nasara ba. Kuɗin da Auta ya tara, da abin da yayanmu ya turo, aka haɗa aka kama masa ɗaki a Gusau, ya koma zuwa gida ranar Juma'a kawai. Hawa hanya goma sha biyu a mako ya koma biyu. Baba ya sa aka kai adakarsa wurin maƙeri aka gyara mata kunama, muka shiga jerin masu kwanan gadi a unguwa, mu da fitila da usur, ita kuma aikinta ƙara, don a ji a farka. Ɗakin Gusau ma ba tudun mun tsira ba ne: a watan Satumba na 2023 aka shiga Sabon Gida, a nan ƙasar Bunguɗu, aka kwashe ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau daga ɗakunan kwanansu. Da Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara a watan Janairun 2024, Auta ya so shiga, Inna ta yi kwana biyu ba ta ci abinci ba, ya haƙura. Hoton 'yar .380 ɗin ya daɗe a wayarsa, sai da muka tuna masa cewa ana buɗe waya a shinge sannan ya goge.

Yayanmu ya zo gida bayan nan. Tasa bindigar ya kulle ta a akwatin ƙarfe a Texas, don ba ta da hanyar shigowa. Muka tare shi a Kano, muka sa ya cire agogo da takalmin da ya zo da su, muka ba shi tsohon yadin ɗayanmu da silifas, muka ce in an tsayar da mota kada ya yi Turanci. Sai da rana ta ɗaga muka bar Funtuwa. Daga nan har muka wuce Tsafe motar shiru, direba ya kashe rediyo, kowa idonsa a kan daji. Muna lura da shi, jim kaɗan sai ya kai hannun dama ƙugunsa ya shafa, ya mayar kan gwiwa. Auta da ke gefensa ya ƙirga, ya ce sau goma sha ɗaya ya yi kafin dutsen garinmu ya bayyana.