Ocean Grove: garin da aka kafa don neman tsarki

A bakin tekun Atlantika, cikin jihar New Jersey ta ƙasar Amurka, akwai wani ɗan gari mai suna Ocean Grove. Baƙon da ya shige shi lokacin zafi zai tarar da tantuna 114 kewaye da wata ƙatuwar majami'a ta katako, ginin shekarar 1894, mai ɗaukar mutum wajen 6000.

Masu wa'azi na ɗariƙar Metodis ne suka kafa garin a 1869. Sun riƙe koyarwar John Wesley cewa bayan tuba akwai wata albarka ta biyu wadda ke wanke zuciya sarai tun nan duniya. A tarurrukan masu wannan tafarki ba a neman albarkar da sanyin jiki. Mutane kan durƙusa gaban benci kusa da mai wa'azi, wani na kuka, wani na faɗin zunubansa, wanda ya ji ya samu kuma ya miƙe yana sowa.

Domin kare wannan hali, magabata suka kewaye garin da dokoki. Ba a sayar da giya. Ran Lahadi kuwa sai a ja sarƙa a ƙofofin gari: ba keken doki, daga baya ba mota, ba wanka a teku.

Amma sarƙa mota take tsarewa, ba ta tsare zamani. Da Metodis suka yi arziki, suka sami ilimi, sai sowa cikin majami'a ta zame musu abin kunya. Masu zafin ibada da yawa suka ware: wasu suka haɗu cikin majami'ar Nazarin a 1908, wasu suka bi farkawar Fentikos da ta tashi a Los Angeles a 1906.

Sannu a hankali dokokin ma suka sassauta. A 1979 kotun ƙolin jihar ta karɓe ikon mulkin gari daga hannun ƙungiyar addinin, motoci suka shiga ran Lahadi. A 2024 aka buɗe bakin teku da safiyar Lahadi.

Har yanzu iyalai na kwana cikin tantunan, ana wa'azi da waƙoƙin yabo, jama'a na zaune tsaf a kan kujeru suna saurare. Ginin kakanni yana tsaye daram. Hawayensu ne ba a iya gado ba.