Jana'izar da Ke Jiran Kalanda

A ƙasar Suwidin doka ta ba iyalin mamaci wata guda cur kafin ya zama dole su binne shi ko su ƙone gawar. Kafin 2012 ma wata biyu ne. Kuma mutane ba sa gaggawa. Abin da aka saba gani shi ne a yi mako biyu, uku, gawa na kwance a ɗakin sanyi, dangi na ta buga wa juna waya suna neman ranar da kowa ke da sarari. Yawanci Juma'a suka fi so. Sai a buga sanarwa a jarida, a ce duk mai niyyar zuwa liyafar bayan jana'iza ya faɗa kafin rana kaza, don a san yawan abincin da za a tanada.

Wanda ya tashi a Kano ko Damagaram, wannan abu yana yi masa nauyi a zuciya. A gida mutum zai cika da asuba, kafin hantsi an yi masa wanka, an ɗinka likkafani, an ɗauko makara daga masallaci. Kafin azahar an kai shi makwancinsa. Ɗansa da ke Legas yana kan hanya, a waya za a gaya masa an riga an rufe, ya yi haƙuri. Ba a aika wa kowa goron gayyata. Tela ya bar keke, mai shago ya ja ƙofa, ma'aikaci ya sulale daga ofis, wanda bai taɓa ganin mamacin ba ma in ya ga an yi sahu sai ya tsaya ya yi alwala ya shiga. A wurinmu mutuwa ce ke yanka wa rayayyu lokaci. A Suwidin kuwa rayayyu ne ke duba kalanda su yanka mata.

Zama a Sitokholm ya sa na fara ganin cewa wannan bambanci ba na addini kaɗai ba ne, har da sararin sama. Zafi yana daga cikin dalilan hanzarinmu, kowa ya san wannan. Amma akwai wani abu da ya fi shi zurfi, wato yadda shekara take juyawa. A Kano tsawon yini bai cika canzawa ba. Tsakanin mafi tsawo da mafi gajarta bai wuce kamar sa'a ɗaya da rabi ba. Damina ta zo, kaka ta biyo, ɗari ya shigo da hazonsa, bazara ta gasa mu, amma rana tana fitowa kusan lokacin da ta saba. A nan kuwa, a ƙarshen Yuni rana tana yin fiye da sa'a 18 a sama, a ƙarshen Disamba sa'a 6 kacal. A Disamba za ka yi azahar kafin sha biyu, la'asar wajen ƙarfe ɗaya, magariba kafin uku. Salla uku cikin sa'a uku, sannan dare ya shimfiɗa ƙafarsa har gobe da hantsi.

Mutanen da ke rayuwa a haka suna ƙirga haske. Doka ta ba ma'aikaci hutun kwana 25 a shekara, kuma yana da haƙƙin ɗaukar mako huɗu a jere tsakanin Yuni da Agusta. A watan Yuli ofisoshi sukan yi tsit, kowa ya tafi bakin ruwa ko ƙauye, domin ya san hasken nan aro ne. Daga Satumba ganye ya fara rinewa, ya yi ja, ya yi ruwan ɗorawa, zuwa ƙarshen Oktoba bishiyoyi sun tsaya tsirara. A Lahadin ƙarshe ta watan ake mayar da agogo baya da sa'a ɗaya, sai ka ga duhu ya faɗo kafin ƙarfe biyar. Mu kakarmu lokacin cikar rumbu ce, lokacin biki da dambe da ɗaurin aure. Tasu kakar kallon abu yana mutuwa ne a bakin taga, kowace safiya, har tsawon makonni.

A daidai wannan gaɓa suka ajiye ranar tuna mamatansu. Tun 1953 ranar tana faɗowa a Asabar ɗin da ke tsakanin 31 ga Oktoba da 6 ga Nuwamba. Asalinta ranar waliyyai ce ta coci, amma yau har wanda bai taɓa taka coci ba yana fita. A kudancin Sitokholm akwai wata maƙabarta mai suna Skogskyrkogården, wadda Gunnar Asplund da Sigurd Lewerentz suka tsara a cikin dajin itatuwan pine, aka buɗe ta a 1920, hukumar UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya a 1994. A yammacin wannan Asabar jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa yana cika maƙil da masu zuwa can. Tsofaffi da sanda, iyaye na tura jarirai a keke, kowa riƙe da kyandir a cikin kwalba da damin ganye. Babu wa'azi, babu kuka mai sauti. Su share ganyen da ya rufe dutsen kabari, su kunna wuta, su tsaya jim, su wuce. Kafin isha dajin gaba ɗaya ya cika da dubban ƙananan fitilu.

Ni Musulmi ne, kunna kyandir a kabari ba hanyata ba ce, kuma ƙona gawa, wanda shi ne ake yi wa kusan takwas cikin goma na mamatansu, abu ne da zuciyata ba za ta taɓa saba da shi ba. Amma na ga wata yarinya da ba ta wuce shekara biyar ba tana karanta sunan kakanta harafi-harafi a jikin dutse, uwarta na taya ta. Yara nawa ne a gida za su iya nuna inda kakansu yake kwance? Addini ya kwaɗaitar da mu ziyarar maƙabarta domin ta tuna mana lahira. Duk da haka da yawanmu ba ma komawa sai ranar da muka rako wata gawar. Damina ta rufta kaburbura, ciyawa ta cinye hanya, katanga ta faɗi, awaki su shiga, sai wasu samari masu kishin unguwa su yi gayya su gyara, su da tsofaffin masu haƙar kabari da ba su da wani albashin kirki. A Suwidin kowane mai biyan haraji yana biyan wani ɗan kaso na musamman domin binne mamata, ko Kirista ne ko Musulmi ko marar addini. Da wannan kuɗin ake kula da maƙabartu, kuma da shi kowa ke samun kabari kyauta na shekara 25. Har sashen Musulmi akwai a cikin wancan dajin, kaburbura na fuskantar alƙibla, a share tas.

Wani abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne shirin da suke yi tun da ransu. Tsoho ya kai shekara saba'in, sai ya fara rage kaya da hannunsa: ya ba jika agogo, ya yaga wasiƙun da ba ya son a karanta, ya kai tufafi gidan masu sayar da gwanjo don taimako. Wata dattijuwa mai zane, Margareta Magnusson, ta rubuta littafi a kan wannan al'ada a 2017, aka fassara shi zuwa harsuna da dama. Bayan mutuwa kuma doka ta ce cikin wata uku a rubuta duk abin da mamaci ya bari da bashin da ake bin sa, a miƙa wa hukumar haraji. Mu da aka umarce mu da rubuta wasiyya, aka kuma tsara mana rabon gado dalla-dalla, mu ne za ka ga gida ya shekara ashirin ba a raba ba, har magada su fara mutuwa, marayu na zarya a kotu. A bakin kabari ake shelar cewa duk mai bin marigayi bashi ya ga wane, alhali marigayin ya fi kowa sanin masu bin sa, bai dai rubuta ba. In ka ce wa dattijo, “Baba, da ka rubuta abin da ke tsakaninka da mutane,” sai a ce kana yi masa fatan mutuwa.

Duk da haka, ba zan musanya zaman makokinmu da tsarinsu ba. Wata abokiyar aikina ta rasa mahaifinta ranar Talata, ranar Alhamis ta dawo bakin aiki, domin jana'iza sai bayan mako uku. Mutane suka riƙa gaishe ta a hankali suna kauce wa maganar, wai don kada su fama mata ciwo. Da na je na ce mata na ji abin da ya faru, ina taya ta baƙin ciki, sai ta riƙe hannuna ta fashe da kuka. Ta ce tun da abin ya faru ita kaɗai take kwana a gida. Gidaje da yawa a ƙasar nan mutum ɗaya ne a ciki, kuma ana ƙara samun mamatan da ake ƙonewa ba tare da wani taro ba sam. A gida da tuni an shimfiɗa tabarmi a ƙofa, maƙwabta sun ɗauke girki har kwana uku, kowa ya zo ya durƙusa ya ce, “Ya haƙuri? Allah ya jiƙansa, ya kyautata namu zuwan.” Kalmomin ba sababbi ba ne, kowa su yake faɗa, amma mai rashi yana jin su daga bakin mutum ɗari kafin rana ta faɗi.

Musulmin da ke zaune a nan suna tsakanin biyun. In aka yi rasuwa, ba a binnewa sai hukumar haraji ta ba da takardar izini, kuma in Juma'a da yamma abin ya faru, sai a jira Litinin. Wasu iyalan sukan haɗa kuɗi su kai gawa gida, wasu su binne a nan saboda 'ya'yansu a nan za su zauna. Waɗannan 'ya'yan kuwa, da yawansu sun fara zuwa maƙabarta a Asabar ɗin tuna mamata tare da sauran jama'a, su cire ciyawa, su ɗaga hannu su yi wa iyayensu addu'a.